Yaran da Kwamfuta Ta Haɗiye: Abin da Ke Faruwa Idan Fom Ya Ƙi Rufuwa Lafiya

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a zaman reshe, a Birnin Gwari

 



Da sakatare ya aiko mini cewa an ba ni rabin sa'a in yi magana a kan kwamfuta, sai da na yi dariya ni kaɗai, domin Hausa da ilimin zamantakewa na karanta a kwalejin ilimi, kuma har na kama aikin koyarwa ban taɓa ɗora yatsa a kan maɓalli ba. Ɗan abin da na sani wuya ce ta koya mini shi. Saboda haka in akwai malamin kwamfuta a cikin wannan ɗaki, ya yi mini afuwa, ya kuma gyara mini inda na karkace. Zan ba ku labarin yadda sunayen yara 14 suka ɓace daga rajistar makarantarmu ba tare da kowa ya goge su ba, da yadda muka yi makonni muna zargin iska da ƙura alhali laifin yana cikin layuka biyu na umarni. Na zaɓi wannan labari ne saboda na san makarantu da dama a wannan ƙaramar hukuma sun fara ajiye sunayen yaransu a kwamfuta, kuma ramin da na faɗa ciki yana nan a buɗe yana jiran na baya.

Kafin in shiga batun na'ura, bari in tuna mana matsayin rajista a wannan ƙasa tamu. A wasu wurare rajista littafi ce kawai ta kiran suna da safe. A nan Birnin Gwari ta wuce haka. Duk wanda ya koyar a cikin gundumominmu 11 a shekarun nan ya ga yadda aji kan wayi gari da rabin yaransa, ko kuma ya wayi gari ya ninka. Iyalai sun baro ƙauyuka daga yankunan Randagi da Kakangi da Kuyello da Dogon Dawa, wasu sun shigo cikin gari, wasu sun wuce Funtua ko Zariya ko Kaduna, kuma ba mai tsayawa ɗaukar takardar makaranta a daren da ake gudun rai. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris, 2021 ba, ranar da aka shiga makarantar firamare ta Rama aka tafi da 'yan uwanmu malamai uku. Bayan irin wannan rana, makarantar da aka rufe da gaggawa littattafanta na nan a kabad, gara tana ci, ruwa yana zuba. Yaron da ya fito daga can, in sunansa bai shiga rajistar makarantar da ta karɓe shi ba, to a idon hukuma babu shi: ba a ƙidaya shi a ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, ba a lissafa shi lokacin rabon kujeru da littattafai, ba a lissafa shi lokacin da ake duba yawan malaman da makaranta ke buƙata, kuma ranar da zai nemi takardar shaidar kammala firamare sai a ce masa ba a san shi ba.

Wannan ne ya sa muka yi murna lokacin da wani matashi mai yi wa ƙasa hidima, da aka turo mana, ya ce zai gina mana rumbun bayanai. Yaro ne mai kirki da himma, Allah ya saka masa da alheri, kuma duk abin da zan faɗa ba don in ci zarafinsa ba ne. Kyauta ya yi mana, a kan kwamfutar cinya guda ɗaya tak da makarantar ta mallaka. Ya yi amfani da Access, manhajar kamfanin Microsoft da ta fara fitowa a 1992, wadda har yau ƙananan ofisoshi da makarantu da asibitoci ke ajiye bayanai da ita a faɗin duniya. Ya gama shekararsa ya koma gida, ya bar mana aikinsa da lambar wayarsa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. A can ciki akwai tebur, wato tamkar shafin rajistarmu ta takarda: kowane yaro da layinsa, kowane layi da gurabunsa, gurbin suna, gurbin aji, gurbin ranar haihuwa. Amma malami ba ya rubutu kai tsaye a kan tebur. Yana rubutu ne a fom, wato tagar da ke fitowa a fuskar kwamfuta ɗauke da bayanin yaro ɗaya. Namu fom ɗin yana da ɗa a cikinsa, ƙaramin fom a ƙasan babban, inda ake shigar da makin gwaji da na jarrabawa. To a nan akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe, domin shi ne mabuɗin dukan labarin. Wanda ya saba da Word ya san sai ya danna ajiye kafin rubutunsa ya zauna. Access ba ta jiran wannan umarni. Tana ajiye abin da ka rubuta ne da kanta, a lokacin da ka bar layin yaron zuwa na wani, ko a lokacin da ka rufe fom. Ke nan lokacin rufewa, wanda mu muke ɗauka an riga an gama aiki, shi ne lokacin da na'urar take cikin tsakiyar nata aikin: tana duba ko bayanin ya cika sharuɗɗa, tana rubuta shi a tebur, tana sauke fom daga ƙwaƙwalwarta, tana kuma aiwatar da duk wani umarnin da magini ya rataya a kan rufewar. Duk wannan cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tamkar tashi daga makaranta ne: a bakin ƙofa ake turereniya, a nan ake taka ƙaramin yaro.

Matsalar ta fara damunmu sosai ne a watan Oktoba na 2021. Malami zai gama aikinsa, ya danna maɓallin da yaron nan ya rubuta wa "Rufe", sai wani saƙo na Turanci ya fito yana cewa manhajar ta tsaya saboda kuskure, ba za ta iya ci gaba ba, daga nan komai ya ɗauke. Wata rana ta yi, wata rana ba ta yi ba. Kun kuma tuna wane lokaci ne wannan: daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na wannan shekara an katse layukan waya a yankinmu saboda aikin tsaro. Babu kira, babu saƙo, babu intanet. Maginin yana can garinsu, hanyar Kaduna kuwa, mai nisan sama da kilomita 100, ba hanyar da mutum zai hau ba ce a wancan lokaci don kawai kwamfuta ta yi gardama. Kowa a ofis ya kawo tasa fassarar. Wani ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, wani ya ce zafi ne, wani ya ce janareta ne. Wata malama ta ce na'urar ta tsufa ne kawai, a rabu da ita a koma takarda, kuma in faɗa muku gaskiya a wancan makon na kusa bin bayanta.

Da na rasa wanda zan tambaya sai na yi abin da muka iya. Idan yaro yana faɗuwa a lissafi ba mu cewa kawai ba ya ganewa. Mukan ɗauki littafinsa mu duba a wane mataki yake ɓacewa, a aro ne ko a ɗauko. Na sayi littafin rubutu mai shafi 40 na ajiye kusa da kwamfutar, na roƙi kowane malami, duk lokacin da ya rufe fom, ko ta faɗi ko ba ta faɗi ba, ya rubuta rana da lokaci, da abin da ya yi kafin rufewa, da ko a kan batir yake ko a kan wuta, in kuma saƙo ya fito ya kwafe shi harafi da harafi ko da bai fahimce shi ba. Ku lura da cewa na ce har da lokutan da ba ta faɗi ba. Mafi yawanmu ranar faɗuwa kaɗai muke tunawa, alhali sai ka jera ranar lafiya kusa da ranar ciwo sannan bambanci yake bayyana.

Bayan mako uku na zauna da littafin wata Asabar. Zancen janareta ya rushe nan take, domin ta faɗi a kan batir, ta faɗi a kan wuta. Zancen zafi ma haka, ta faɗi da sanyin safiya. Abu ɗaya ne ya haɗa dukan faɗuwar: duk wanda ta faɗi a hannunsa ya taɓa maki a ƙaramin fom kafin ya rufe. Wanda ya duba suna kawai, ko ya gyara aji, ya rufe lafiya. Shi ya sa abin ya yi ƙamari a Oktoba, lokacin gwajin tsakiyar zango. Ban san magani ba tukuna, amma daga wannan rana na iya sa ta faɗi duk lokacin da na ga dama, kuma wannan, kamar yadda na fahimta daga baya, shi ne rabin gyara. Ciwon da ba ka iya tayar da shi da kanka ba za ka taɓa tabbatar ka warkar da shi ba.

Da layukan waya suka dawo na kira maginin. Amsarsa ta farko ita ce amsar kowane magini a duniya: a kwamfutata ba ta yi. Da na karanta masa abin da ke cikin littafi sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ina jin ban taɓa gwada rufewa bayan na canja maki ba." Ya bayyana mini wani abu kuma da ban sani ba. Kwamfutar makarantarmu ba ta da cikakkiyar Access. Tana da wadda ake bayarwa kyauta don gudanar da aikin da aka riga aka gina. Cikakkiyar, in ta gamu da kuskuren da magini bai yi masa tanadi ba, takan tsaya ta nuna lambar kuskuren, ta kuma ba ka damar ganin layin da ya jawo shi. Ta kyautar kuwa ba ta da wannan dama, sai ta rufe kanta gaba ɗaya. Ashe abin da muke kira faɗuwa ƙaramin tuntuɓe ne wanda ba a koya wa manhajar yadda za ta tashi daga gare shi ba.

Na samu aron kwamfuta mai cikakkiyar Access a wurin wani tsohon ɗalibina. Abu na farko da maginin ya sa ni yi, ina kuma roƙonku kada wanda ya tsallake shi: kwafi fayil ɗin, ka ajiye na asali a gefe, ka yi duk gwaje-gwajenka a kan kwafin. Sannan na buɗe shi ina danne da maɓallin Shift, wanda ke hana shirye-shiryen farko tashi ya kuma nuna maka kayan ciki. Na canja makin yaro ɗaya, na danna "Rufe", sai ga lamba 2450, wadda ma'anarta ita ce manhajar tana neman wani fom ta rasa shi. Wane fom? Babban fom ɗin da kansa.

Ga abin da ya faru, kuma ina ganin yana da daɗin fahimta. A tsarin Access, idan za a buɗe fom mai ɗa, ɗan ne yake fara tashi kafin uwar. Idan kuma za a rufe, uwar ce take fara tafiya, ɗan ya biyo baya. Maginin ya ɗauka akasin haka ne, kamar yadda kowannenmu zai ɗauka. Sai ya rataya wa ɗan umarni cewa, a lokacin da kake rufewa, in an canja maki, ka tara su ka miƙa wa uwarka jimilla ta rubuta. Ɗan ya tara, ya juya zai miƙa, ya tarar uwa ta riga ta fita. Makin kansu ba su ɓace ba, domin suna shiga tebur tun lokacin da malami ya fita daga ƙaramin fom zuwa maɓallin rufewa. Jimillar ce ba ta sabuntawa. Kun ga inda hatsarin yake: da mun buga sakamako a haka, da an jera yara a matsayi na ɗaya da na biyu da na goma bisa tsohuwar jimilla, mu sa hannu, shugaban makaranta ya buga hatimi, uba ya doki ɗansa a gida a kan lissafin da ba nasa ba. Gyaran bai ɗauki minti goma ba. Mun cire umarnin gaba ɗaya, muka daina ajiye jimilla, muka bar na'urar ta riƙa tara maki da kanta duk lokacin da aka nemi sakamako. Abin da za a iya lissafawa daga wasu gurabu bai kamata a ba shi gurbin kansa ba, domin wata rana sai ya saɓa da su.

Na yi zaton an gama. Ashe mai ƙarar ce muka kama, mai shirun tana nan.

A farkon zango na biyu wata baiwar Allah ta zo neman takardar canjin makaranta ga 'yarta, za su koma wurin dangi. Yarinyar tana ajina, kullum tana zaune a layi na biyu, ni da hannuna na shigar da sunanta a kwamfuta, ina tune da ranar. Na nema, babu. Na nema da sunan uba, babu. Uwar tana tsaye tana kallona, mijinta ya rasu a harin da ya raba su da ƙauyensu, ga shi ina neman in gaya mata 'yarta ba ta cikin makarantar da take zuwa kowace safiya. Na rubuta mata takardar da hannu daga rajistar aji, shugaban makaranta ya sa hannu, ta tafi. Da yamma na ɗauko rajistun takarda na dukan azuzuwa, Allah ya sa ba mu watsar da su ba, na bi su suna bayan suna. Yara 14 ne babu su a kwamfuta. Dukansu 'yan gudun hijira ne. Kuma 9 daga cikinsu ni na shigar da su.

Na daɗe ina kallon sunayen kafin in gane abin da ya haɗa su: babu wanda aka san ranar haihuwarsa. Ba su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wasu ba a taɓa yi musu ba, wasu ta ƙone da ɗaki. Maginin ya sanya gurbin ranar haihuwa ya zama tilas, wato tebur ba zai karɓi layin da wannan gurbi yake fanko ba. A ƙa'ida, in ka yi ƙoƙarin rufe irin wannan fom ta alamar giciye da ke kusurwar taga, Access takan gargaɗe ka cewa ba za a iya ajiye bayanin ba. Amma shi, don ya sauƙaƙa mana, ya cire alamar ya sa nasa maɓallin. Kuma a rubuce yake cikin bayanin da masu manhajar suka wallafa cewa idan aka rufe fom ta hanyar umarnin rufewa alhali gurbin tilas yana fanko, ba wani gargaɗi da zai fito, kuma abin da aka rubuta zai zube. Fom ya rufe lafiya lau, malami ya tashi da natsuwa, yaro bai shiga ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dalilin da ya sa nawa suka fi yawa. Wasu abokan aikina, in uwa ta ce ba ta san rana ba, sai su rubuta 1 ga Janairu su kimanta shekara, su wuce. Nasu yaran sun shiga. Ni kuwa na ce ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba, na bar gurbin fanko. Har yanzu ina kan ra'ayina cewa bai dace malami ya ƙaga wa yaro ranar haihuwa ba, domin wannan rana za ta bi shi zuwa jarrabawar shiga sakandare, ta bi shi zuwa katin ɗan ƙasa, wata rana ta ci karo da wata takarda a ce ya yi ƙarya. Amma fom ɗin da aka tsara shi don yaron da aka haifa a asibiti ba zai yi wa ajin Birnin Gwari aiki ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: mu ya kamata mu gaya wa maginin haka tun farko, ba mu gaya masa ba domin ba mu san ana tambaya ba. Yanzu mun mayar da gurbin ya zama na zaɓi, mun ƙara wani gurbi na shekarar da aka kimanta, an rubuta ƙarara cewa kimantawa ce. Maɓallin rufewa kuma an sa masa layi ɗaya a gaba, wanda ke tilasta ajiye bayanin kafin a rufe. In ajiyewar ta ƙi, sai saƙo ya fito da Hausa, fom ya tsaya a buɗe har malami ya gyara ko ya fasa da saninsa.

Akwai faɗuwa iri na uku wadda ba ta da alaƙa da umarnin kowa, ita ce ta lalacewar fayil. Zan taƙaita, domin maganinta ladabi ne kawai. Idan wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ko aka zare filas a daidai lokacin da ake rubutu a tebur, fayil yana iya tsagewa a ciki, daga nan ya riƙa faɗuwa ba tsari, littafinka ma ba zai nuna maka wata alama ɗaya ba. Kada a yi aiki kai tsaye daga filas. A ɗora fayil a kan kwamfuta, filas ta zama ta ajiya. In batir ya yi ƙasa a rufe tun da wuri. Duk lokacin da rumbun yake buɗe za ku ga wani ƙaramin fayil ya fito kusa da shi mai ƙarshen suna .laccdb, shi ne makullin da ke nuna ana ciki. In an rufe lafiya yakan ɓace, in kuwa kun same shi da safe alhali ba wanda ya buɗe, to jiya ba a fita ta ƙofa ba, a yi kwafi a duba. A sashen kayan aikin rumbu akwai umarnin matsewa da gyarawa, yana gyara ƙananan tsaga yana kuma rage kumburi, amma a yi shi bayan an yi kwafi, da cikakken batir. Ana iya saita shi ya riƙa yin kansa a duk rufewa. Ni dai ban ba da wannan shawara ba a garin da wuta ba ta da alƙawari. In matsewa ba ta yi ba, a buɗe sabon rumbu fanko a jawo tebura da fom-fom daga tsohon zuwa cikinsa. Masu son saka hoton kowane yaro kuma su sani fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, hoton wayar zamani kuwa yana da nauyi, a rage shi kafin a saka.

Game da kwafi, kuskuren da na ga ana yi shi ne a riƙa danne na jiya da na yau. In na yau ya lalace ba ka sani ba, ka kashe mai lafiyar da hannunka. Kowane kwafi da kwanan watansa a jikin suna, a bar aƙalla na makonni huɗu, a kuma riƙa buɗe ɗaya lokaci-lokaci a ga ko yana buɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu a makarantarmu kowace Juma'a kafin a tashi malamin aji yakan faɗi adadin yaransa maza da mata daga rajistar takarda, a duba na kwamfuta. In sun saɓa ko da da yaro ɗaya ne ba a rufe ofis sai an gano shi. Da muna yin haka tun farko, da yarinyar nan ba ta yi wata huɗu a waje ba. Rajistar takarda kuwa kada wanda ya yarda a ce masa ta zama tsohon yayi.

Wani batu kuma da ba na son in wuce shi, ko da yake ya ɗan fita daga kan magana. Filas ɗin da ke aljihunka tana ɗauke da sunan kowane yaro, da sunan ubansa, da unguwarsu, da lambar waya, wani lokaci har da sana'ar uba. Ba sai na fassara wa mutumin Birnin Gwari abin da irin wannan jeri zai zama ba in ya faɗa hannun da bai dace ba a kan hanya. Alhamdu lillahi, tun bayan sulhun da ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu a watan Nuwamba na 2024 an samu sauƙin zirga-zirga, Allah ya ɗorar mana da shi, amma amana amana ce ko da lafiya. Ƙasar nan ma tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Access tana da hanyar kulle rumbu da kalmar sirri, a yi amfani da ita. Sai dai in aka manta kalmar babu mai dawo da ita, don haka a rubuta a rufe cikin ambulan a ba shugaban makaranta. Gurbin sana'ar uba kuma mu mun goge shi, domin ba mu taɓa buƙatarsa don koyar da yaro ba.

Wasunku za su ce su a waya ko a shafin intanet suke cike bayanai, ba ruwansu da Access. Sunan manhaja ne ya bambanta. Duk inda aka cike fom akwai ɗan lokaci tsakanin danna maɓalli da zaman bayani a inda aka aika shi, kuma a garin da sabis ke zuwa yana tafiya wannan lokaci yana da tsawo. Kada ka rufe sai ka ga shaidar karɓa, ka ɗauki hotonta, ka kuma koma ka nemo sunan ka gan shi da idonka.

Mai girma shugaba, ina da roƙo ga reshe. Aikin shigar da bayanai ya zama wani darasi na daban da aka ɗora wa malamai ba tare da an rage musu ko sa'a ɗaya daga jadawali ba, kuma galibi malami ɗaya ne a makaranta yake ɗauke da shi, da datarsa da cajinsa. In alƙaluma suka saɓa shi ake fara tuhuma. Ina roƙon ƙungiya ta tsaya a kan cewa kada a hukunta malami a kan saɓanin alƙaluma sai an duba manhajar da aka ba shi, domin ni shaida ne cewa mutum yana iya yin aikinsa daidai na'ura ta zubar. Ina roƙon a nema mana horo na gaskiya, na zama a gaban kwamfuta, aƙalla malamai biyu daga kowace makaranta, ɗaya daga cikinsu mace in da hali. Sannan duk makarantar da wani zai gina mata rumbu, mai yi wa ƙasa hidima ne ko ɗan gari ko wata ƙungiyar agaji, kada a sallame shi sai ya bar fayil na asali wanda ake iya gyarawa, da kalmar sirri, da jerin gurabun da ya mayar tilas, sai kuma ya zauna tare da malamai an gwada shigar da yaron da ba shi da ranar haihuwa, da wanda ba shi da uba, da yara biyu masu suna ɗaya a aji ɗaya, wanda kun san ba ya wuya a garin da kowane aji yake da Aisha Abdullahi uku.

Yaran nan 14 duk sun koma cikin rajista, har da wadda ta tafi, an rubuta ranar shigarta da ranar fitarta. Na zo da kwamfutar da littafin nan mai shafi 40, bayan an tashi zan zauna a bayan ɗaki ga duk mai son ya ga yadda muka tsara shi. Wanda tasa take faɗuwa ya same ni a makaranta ranar Asabar da hantsi, ya zo da kwafi, ya bar na asali a inda yake.